JARKAR ZAMZAM ƊIN HAJIYA

Shafi na 19

Masu cika min waya da saƙo wai na yi shiru, ku yi haƙuri, wuta ce ba mu gani ba tun shekaranjiya. Masu zagin Na'ima kuma wai ta cika haƙuri kamar ba ta da gidan uba, ku ɗan sassauta mata, yau ma baiwar Allah ba hutu ta samu ba.

*

Tun asuba Na'ima take tsaye, ga shi har an idar da azahar ko ruwan shayi ba ta sa a cikinta ba.

Yau ne dangin ango Umair za su kawo lefen Zara, ƙanwar mijinta Mannir, autar Hajiya Hure. Da yake gidan su Mannir na gado a Gobarau cikin lungu yake, mota ba ta shiga, sai aka ce a karɓi kayan a nan gidan Mannir na Ƙofar Marusa. Shi ne babban wa, shi ne a madadin uba tun da Alhaji Sammani ya rasu. Faɗa dai ba wuya. Aikin kuwa kaf a kan Na'ima ya sauka, ita ce soya kaji, ita ce cincin, ita ce lemon baƙi.

Lemon ne ma ya fi cin ranta. Ta fere abarba har yatsunta suna zogi, ta tsince 'ya'yan kankana, ta markaɗa, ta tace, ta matse lemon tsami, ta jefa citta da ganyen na'a-na'a. Babbar kula ta cika saura kaɗan, ja-ja-jir, ƙamshi ya cika kicin ɗin. Ƙanƙara kawai ake jira, Mannir ya fita sayowa.

Ta jingina da bango ta lumshe ido.

"Ke Na'ima, barci kike a tsaye?"

Hajiya Hure ce a bakin ƙofa, da hankici a hannu, mura ta toshe mata hanci har muryarta ta sauya.

"A'a Hajiya, na gama ne."

"To madalla. Ina makullin sif ɗin mijinki? Jarkata nike so."

Duk gidan ba wanda bai san jarkar nan ba. Zamzam ne da Alhaji Sammani ya ɗauko da hannunsa a hajjinsa na ƙarshe. Da ya rasu, 'yan roƙo suka dami Hajiya, mai ciwon kai a zo, mai naƙuda a zo, har ta ga za a ƙarar mata, sai ta naɗe jarkar da haramin marigayin ta kawo wa Mannir ajiya. Ta ce ba mai taɓawa sai ranar da za a yayyafa wa likkafaninta.

"Makullin yana hannunshi Hajiya. Yanzu zai dawo."

"Yanzun mi? Mutane sun taso daga Ƙofar Kaura, an bugo waya. Ɗauko min taɓarya in ɓalle ƙofar."

"Hajiya taɓarya kuma?"

"To da haƙorina zan buɗe?"

Na'ima ta taɓa bakin zaninta. Tana da makulli. A ɓoye ta ba da aka yanko mata, tun lokacin da take farautar kwalaben Mannir. Kun dai san labarin: ba inda ba ta leƙa ba a gidan nan, tankin ban-ɗaki, ƙarƙashin kujerar mota, cikin buhun gero, har rufin ɗaki ta hau da tsani tana da cikin 'yarsu Hajo. Ta tsinta ta zubar, ya sake sayowa, ta sake zubarwa, ba ta taɓa faɗa wa ko mahaifiyarta ba. Sai a azumin da ya wuce ya dafa Alƙur'ani yana kuka ya ce ya bari. Daga nan ta bincika ta bincika ba ta sake ganin ko murfin kwalba ba, har ta fara yarda.

Ta kwance bakin zaninta ta ciro makullin.

Hajiya ta dube shi, ta dube ta.

"Au. Ashe kina da naki."

Na'ima ta je ta ɗauko jarkar. Sau nawa ta ɗaga ta ta duba bayanta, ta mayar da ita da bismilla? Ko kusa bai taɓa zuwa ranta ta buɗe ba. Wa zai buɗe?

Hajiya ta zauna a kan kujerar tsugunno ta warware haramin a hankali, ta kai shi fuskarta, idonta ya kawo ruwa.

"Allah ya jiƙan Alhaji. Bai ga amren ɗiyarshi ba. Na yi tunani jiya, na ce rabi na auta, rabi na likkafanina. Duk wanda ya sha lemon ga yau, ya sha da hannun ubanta a ciki."

Ta yi bismilla ta tuntsura jarkar cikin kula. Ruwa fari tas yana zuba, tana addu'a, Allah ya ba da zaman lafiya, Allah ya kawo zuri'a ɗayyiba, Na'ima na amsawa da amin. Wani ɗan wari ya gifta mata a hanci, irin na asibiti, ta ce a ranta tsufan roba ne, ga kuma ƙaurin man suya da albasa ya cika ko'ina.

Hajiya ta rufe jarkar ta rungume abarta.

"Juya ki ɗanɗana, in ya salance ki ƙara sukari. Ni bakina ba ya jin komai. Bari in sauya mayafi."

Na'ima ta juya da ludayi, ta ɗebo cike, ga ƙishirwa tun safe, ta yi bismilla ta kurɓa sosai.

Zaƙin kankana ne ya fara zuwa, sai tsamin abarba.

Sai wani zafi ya bi maƙogwaronta ya sauka har ƙirji.

Ta tsaya cak da ludayi a hannu.

Ba citta ba ce. Ta san zafin citta.

Ta kai ludayin hancinta, ta ja numfashi a hankali. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un! Ai ko a mafarki ta san warin nan. Shi ne a kofunan da take tsinta a ƙarƙashin gado ta wanke da sabulu har sau uku. Shi ne a gorunan lemonta da ke ɓacewa daga firji su dawo wayam. Farar giyar nan ce da suke kira bodka, mai kama da ruwa, wadda Mannir ya zaɓa don ba ta cika tona mutum ba, yana sirka ta da lemon da matarsa ta haɗa da hannunta.

Ta durƙusa bakin magudana tana kakarin amai, ba abin da ya fito. Cikin ba komai, abin ya riga ya zauna.

Ita Na'ima, da ko maganin tari sai ta tambayi mai kemis abin da ke ciki. Yau ita ce da giya a ciki, da bismillarta da komai.

Kuka ma bai zo mata ba wallahi. Gajiya ce kawai ta danne ta, irin wadda ba barcin da ke maganinta.

"Ga ƙanƙarar nan, da ƙyar na samu, sai da na je har..."

Mannir ne, da buhu a kafaɗa yana ɗiga, cikin farar shadda, fes da shi. Ta miƙe ta tura ƙofar kicin ta sa sakata.

"Lafiya?"

Ta ɗebo ludayi ta miƙa masa.

"Ɗanɗana min, Abban Hajo."

"Ke kin san ba na son zaƙi."

"Shinshina to."

Ya kai hanci. Tana kallon fuskarsa. Ta ga lokacin da ya gane, ta kuma ga abin da ya fi wannan ciwo: maƙogwaronsa ya motsa, ya haɗiyi yawu.

Buhun ƙanƙara ya zame ya faɗi.

"Wa ya... wa ya buɗe sif ɗina?"

"Abin da za ka tambaya ke nan?"

"Na'ima wa ya buɗe?"

"Ni. Hajiya ta ce a sa wa baƙi albarkar Alhaji. Da hannunta ta zuba, tana addu'a ina amin."

Ya dafe kai da hannu biyu ya sulale ya zauna a kan buhun shinkafa.

"Na shiga uku."

"Ina zamzam ɗin?"

Ya kafa wa ƙasa ido.

"Mannir, ina ruwan da ubanka ya ɗauko?"

Tun da aka ɗaura musu aure ba ta taɓa kiran sunansa gatsal ba. Ya ɗago ya dube ta, idanun sun yi ja.

"Na shanye."

"Ka me?"

"Na shanye shi Na'ima. Bayan na yi miki rantsuwa. Jikina yana rawa, ba na barci, ina jin kamar ana yanka ni. Na ji malamai suna cewa duk niyyar da mutum ya sha zamzam da ita Allah yana biya mishi. Kullum in kin tafi kai Hajo makaranta sai in fuskanci gabas in sha, in ce ya Allah ka cire min. Wallahi da gaske nake, ban taɓa son wani abu kamar yadda na so in bari ba. Ina sha ina sha, rannan na ɗaga na ji ba komai."

"Sai ka ce bari ka cika ta da wannan."

"Da ruwan famfo na fara cikawa."

"Sannan?"

Ya sunkuyar da kai.

"Ba inda kika bar min a gidan nan. Nan ne kaɗai na san ba za ki buɗe ba."

Ta yi wata 'yar dariya da ba ta da daɗin ji.

"Ashe laifina ne."

"Ban ce ba."

"Da Hajiya ta rigaye mu fa? Da abin da za a yayyafa wa likkafaninta ke nan? Uwarka, Mannir. A kai ta kabari tana warin..."

"Don Allah ki bari!"

"Ni na sha. Ka ji? Ludayi guda na sha, da bismilla."

Bai ce sannu ba. Bai ma ji ba, idonsa na kan ƙofa.

"Ki taimake ni. Yau kaɗai. Ki kifar da kular, ki ce santsi ne ya ɗebe ki. Ni zan fita in sayo lemon kwalba yanzu-yanzu."

"In zubar da zamzam ɗin Alhaji a gaban Hajiya, ranar lefen autarta."

"Za ta yi faɗa ta huce."

"A kaina."

"Kin saba da faɗanta ai."

Kai jama'a. Kun ji fa. Wai ta saba.

Gaskiya ne kuma, ta saba. Ranar sunan Hajo da ya kasa fitowa gaisawa da mutane, ita ta ce zazzaɓi ne. Ranar da ya daki katangar maƙwabta da mota, ita ta ce tana koyon tuƙi ne, har yau dangi suna mata dariya. Ranar da aka dakatar da shi a wurin aiki, ita ta ce hutu ya ɗauka. Hajiya kuwa kullum maganarta ɗaya, tun da ɗanta ya auro yarinyar nan yake ramewa, ko me take ba shi oho.

"Na gaji, Abban Hajo."

"Na sani."

"Ba ka sani ba. Da ka sani da ba ka sake roƙona ba."

"In Hajiya ta ji, zuciyarta ba za ta ɗauka ba. In mutanen nan suka ji, auren Zara ya watse, kin san gidansu Umair gidan malamai ne. Ba don ni ba Na'ima. Don Zara."

Ayyiriri yiriiii!

Guɗa ce ta tashi daga ƙofar gida, da ƙarar rufe motoci da hayaniyar mata ana sauke akwatuna. Muryar Hajiya ta biyo baya.

"Maraba, maraba lale! Ku shigo ku zamna. Ke Na'ima! A fito da lemo, mutane sun sha rana!"

Mannir ya haɗa hannuwa biyu yana kallonta kamar yaron da ya fasa tulu.

Ta tuna Zara. Yarinyar da ke zuwa ta taya ta wanki ba a sa ta ba, ta ce Anti Na'ima ke dai ba kya hutawa. Ta tuna tsofaffin da ke falo, wasu da carbi a hannu, su ɗaga kofi su yi bismilla kamar yadda ta yi.

Ta zare sakata.

Ta kama hannun kular ta jawo ta har tsakar gida, da ƙyar, bayanta na amsawa. Ta tsaya daidai bakin rariya. Ta rufe ido ta hankaɗa.

Aikin wuni guda ya malale a siminti, ja kamar an yi yanka, ya fallatsar mata har ƙirji, zaninta ya jiƙe sharkaf.

"La'ilaha illallahu!"

Hajiya ce ta fito daga falo da gudu-gudu, mayafi na jan ƙasa. Zara ma da aka ɓoye a ɗakin Hajo saboda baƙi ta leƙo, ta fito ba ko takalmi.

"Santsi ne Hajiya," in ji Na'ima. Ko ita ta ji yadda muryarta ta fito, ba rai a ciki, kamar mai karanta allo.

"Santsi? Ina santsin yake a busasshen siminti? Ina kallonki ta taga, da hannu biyu kika tura!"

"Hajiya a yi haƙuri, baƙi na ji," Mannir ya faɗa daga bakin kicin, can ƙasa-ƙasa.

"Su ji mana! Ruwan Alhaji! Ruwan da ya ɗauko yana ciwon ƙafa, ya hana kowa ya riƙe mishi! Shi kika tura rariya? Mi na yi miki, Na'ima? Mi ɗiyata ta yi miki da kike baƙin ciki da amrenta?"

Tsohuwa ta durƙusa tana tare ruwan da tafin hannu, tana shafawa a fuska, tana kuka. Na'ima ta kau da kai. Da a ce duka ne aka rufe ta da shi da ya fi mata sauƙi.

Shi ke nan dai, ta ce a ranta. An wuce wurin. A zage ta wata guda, a kai ƙararta gidansu, ta ba da haƙuri, a ƙara a kan na baya.

Sai Hajiya ta miƙe ta share ido da gefen mayafi.

"To ta Allah ba taki ba. Saura rabi. Na yafe likkafanin, a binne ni haka nan. Zara, ɗauko min jarkar da 'yan kofunan nan na Makka. Zallanshi za su sha, kowa kurɓi ɗaya."

Na'ima ta saki hannun kular. Ta waiga ta dubi Mannir.

Yana tsaye. Bai ko motsa daga bakin kicin ba.

Zara ta kawo tire da ƙananan kofuna masu ruwan gwal. Hajiya ta jera su, ta tsiyaya. Ta ɗauki na farko.

"Ni zan fara, in ji ɗanɗanon hannun Alhaji ko da bakina ba ya ji."

Ta juya ta fuskanci gabas. Ta gyara tsayuwa.

Yi magana, Mannir. Na'ima ta kafe shi da ido. Uwarka ce. Buɗe baki.

Ya girgiza mata kai a hankali, wai kar ta ce komai.

"Bismillahir Rahmanir..."

Caraf ta riƙe wuyan hannun Hajiya.

Daga falo ana jiyo surutun baƙi, ana ƙirga turamen atamfa.

"Sake ni."

"Kar ki sha, Hajiya."

"Na ce sake ni, marar kunya! Kin zubar da wancan, wanga ma baƙin ciki kike?"

"Ba zamzam ba ne."

"Mi kika ce?"

Ba ta ɗaga murya ba, ba ta da ƙarfin ɗagawa.

"Na ce ba zamzam ba ne a jarkar nan. Giya ce. Shi ya sa na zubar da lemon. Na gaji da ƙarya, Hajiya, wallahi na gaji."

Kofin ya suɓuce ya yi ƙara a siminti. Zara ta ɗauki wani daga tiren ta kai hanci, ta yi saurin janye fuska, ta toshe baki da hannu.

"Hajiya... gaskiya ne."

Hajiya Hure ta dubi jarkar, ta dubi haramin mijinta da ke saɓe a kafaɗarta. Da ƙyar ta juya wajen ɗanta, ɗan farin da ko sunansa ba ta faɗa don kunya.

"Kai. A hannunka na ba da ajiya. Mi ya kawo wanga abu cikin ruwan ubanka?"

Na'ima ta saki hannun tsohuwar ta ja da baya. Karo na farko cikin shekarun nan ta ji kafaɗunta sun sauka. Ta yi nata. Saura shi ya buɗe baki ya faɗa kamar yadda ya faɗa mata a kicin, ya yi kukansa, uwarsa ta yi nata, a san inda za a nema masa magani. Ko a yanzu in ya faɗa, ta san za ta tsaya masa.

Mannir ya share gumi. Ya dubi ƙofar falo, ya dubi uwarsa. Matarsa ce kawai bai duba ba.

"Ni ma abin da nake tambayarta a kicin ke nan, Hajiya."

"Wa?"

"Ni ban taɓa sanin tana da makullin sif ɗina ba sai yau." Ya nuna Na'ima ba tare da ya dube ta ba. "Na daɗe ina rufa mata asiri saboda Hajo. Zara, matsa kusa da ita. Shinshina bakinta ki ji."